Tashar kwal ta Anu Araren: wuta nawa take bayarwa, kuma ina kuɗin ke tafiya?

Ɗalibi daga Agadas:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske a kan tashar lantarki ta kamfanin SONICHAR da ke Anu Araren, kusa da Cirozerin. Tunda a gefenta ake haƙo kwal ɗin da take ƙonawa, babu dogon sufuri, me ya sa ake cewa gudanar da ita na da tsada, kuma nawa ne ainihin ƙarfinta?

Tsohon makanike:
Wa'alaikumus salam, ɗana. An kafa kamfanin a 1975, tashar kuma ta fara aiki a farkon shekarun 1980 da injina biyu masu ƙarfin megawat 18.8 kowanne, wato 37.6 idan an haɗa. Sai dai ba duka ke fita kan layi ba, domin famfunan ruwa da fankoki da injinan farfasa kwal sukan cinye rabonsu tun a cikin gida. Abin da na fi so ka lura da shi shi ne toka, saboda kwal ɗin wurin yana da ita da yawa. Za ka haƙo shi, ka yi dakonsa, ka ƙona, sannan ka sake biyan kuɗin kwashe abin da bai ba ka zafi ko kaɗan ba. Tokar nan kuma tana goge bututun tukunyar tururi kamar yadda yashi ke cin ƙarfe, kuma ranar da bututu ya huje, dole a kashe wuta a jira tukunyar ta huce kafin mai walda ya iya shiga ciki. A tasha mai injina biyu kacal, wannan jiran rabin wutar ne ya tafi.

Ma'aikaciyar akanta:
Baba ya yi bayanin ɓangaren ƙarfe, bari in ƙara na kuɗi. Albashi da kayan gyara da jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse a cikin hamada ba sa raguwa don an sayar da wuta kaɗan, saboda haka yawan masu saye ne ke sauke farashin kowane kilowat. An gina tashar ne musamman domin ma'adinan yuraniyom na Arlit da Akokan, ragowar kuma NIGELEC, kamfanin lantarki na ƙasar Nijar, ke rarrabawa garuruwan yankin. Da kamfanin COMINAK mai haƙar yuraniyom a Akokan ya rufe a watan Maris na 2021, babban mai saye ɗaya ya fita, amma nauyin gudanarwa yana nan inda yake.

Ɗalibi daga Agadas:
Na gode ƙwarai. Ke nan da rana ba za a iya rage wutar tukunyar a bar lantarkin hasken rana ya ɗauki nauyin ba?

Tsohon makanike:
Ana iya ragewa zuwa wani mataki, amma tukunyar kwal ba janareton dizal ba ce. Tayar da ita daga sanyi yana ɗaukar sa'o'i masu yawa, kuma yawan kunnawa da kashewa na tsattsaga ƙarfen da ya haura shekara 40 yana shan wuta.