Neman Kalma: Me Za Mu Kira Tsohuwar Ofera Idan An Kai Ta Sabon Zamani?

Assalamu alaikum, malamai da masu kishin harshe. Ga wani labari da nake so mu yi amfani da shi wajen daidaita kalmomi uku. A shekarar 1988 wani Ba'amurke mai shirya wasanni, Peter Sellars, ya ɗauki wasan Auren Figaro, wanda Mozart ya tsara kiɗansa, Lorenzo Da Ponte ya rubuta baitocinsa, aka fara nuna shi a Biyenna ranar 1 ga Mayu, 1786, ya ɗauke labarin daga gidan wani basarake kusa da Sevilla a ƙasar Sifaniya, ya kai shi can saman benen Trump Tower a New York. Mawaƙan suka fito da tufafin zamani, amma suka rera baitocin da Italiyanci a kan kiɗan Mozart. Kalmomin da ke neman mazauni a Hausa su ne sunan wasan kansa, da sunan nau'insa na ban dariya, da sunan aikin da Sellars ya yi masa.

Ta farko ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Kalmar opera ta Italiyanci ce, asalin ma'anarta aiki, kuma wannan irin wasa ya tsiro ne a Italiya wajajen shekarar 1600. An sha fassara ta da "wasan kwaikwayo mai waƙa", amma wannan yana kawo wa Bahaushe hoton fim ɗin da labari ke tafiya da magana, sai a tsaya a yi waƙa, sannan a koma inda aka tsaya. A Auren Figaro kuwa waƙar ce labarin. Da an ɗaga labule, abin da za a fara ji shi ne Figaro yana auna ɗakin da za su zauna da amaryarsa Susanna, yana rera biyar, goma, ashirin, talatin, ita kuma tana rera yabon hular da ta ɗinka wa kanta. Ko gardamar da ke tsakanin waƙoƙi ma da karin murya ake yin ta. Don haka ina ganin a ari kalmar a ce ofera, kamar yadda aka ari fim da rediyo, wanda bai san ta ba a yi masa bayani sau ɗaya cewa wasan kwaikwayo ne da ake rerawa tare da ƙungiyar makaɗa.

Ta biyu ita ce buffa, sunan da Italiyawa suka ba oferar da ta bar alloli da jaruman da can, ta koma kan barori da iyayen gidansu. Ta yi ƙarfi a Napoli a farkon ƙarni na 18, kuma ɗaya daga cikin sanannunta, wadda Pergolesi ya yi a 1733, labarin wata baranya ce da ta yi wa maigidanta dabara har ta zama uwargida. Wata malama a wannan zaure ta kawo "oferar ban dariya". Malama, shawararki daidai take, sai dai ta yi faɗi, domin ko mutum ya zame ya faɗi a laka abin ban dariya ne. Raha kuma ta yi sanyi da yawa. Abin da ke cikin Auren Figaro shi ne basarake Almaviva yana farautar amaryar baransa Figaro a ranar ɗaurin aurenta, barori kuma suna haɗa kai da uwargidan su kunyata shi har ya durƙusa ya roƙi gafararta. Wasan marubucin Faransa Beaumarchais da aka ciro labarin daga cikinsa sai da ya sha fama da hukuma kafin a bari a nuna shi a Faris a 1784, aka kuma hana nuna shi a Biyenna. Dariyar da ke sa sarakuna hana wasa tana da cizo a cikinta, kuma kalmarmu da ta fi kusa da ɗaukar dariya da cizo tare ita ce barkwanci. Na tsaya a kan oferar barkwanci.

Wani ɗan'uwa ya ce a kira ta wasan 'yan kama. Malam, na fahimci inda ka dosa, tun da ɗan kama ma yana ɗaukar abu mai girma ya mayar da shi abin dariya da waƙa. Amma sunan yana da masu shi, kuma idan muka ɗora shi a kan Mozart za mu ɓata wa mai karatu fahimtar abubuwan biyu.

Ta uku ce mai wahala, wato abin da Turawan Ingila ke kira staging, Faransawa kuma mise en scène, wanda 'yan'uwanmu na Nijar za su fi sani. Kalmar da ta fara zuwa bakin kowa ita ce zamanantarwa, kuma ita ce nake so mu guje wa. Idan aka ce an zamanantar da waƙa, abin da Bahaushe zai ɗauka shi ne an sa mata sabon kiɗa ko an sauya baitoci. A irin aikin Sellars kuwa, kiɗa da baitoci su ne abin da ake bari yadda suke, abin da ake sauyawa shi ne wuri da lokaci da tufafi da kayan dandamali da yadda 'yan wasa ke motsi. Wannan ƙa'ida ce ke sa aikin ya zama gwaji ga mai shiryawa. A kashi na biyu na wasan, yaron gida Cherubino yana tsallakewa ta taga don gudun basarake, mai kula da lambu kuma ya shigo yana ƙorafin an tattake masa furanni. Baitocin suna nan suna ambaton taga da lambu, saboda haka duk wanda ya kai labarin saman dogon bene dole ya samo yadda zai sa abin ya shiga hankali ba tare da ya goge baiti ba.

Shawarata ita ce dashe. Manomin rani da ke cire irin albasa ko tumatir daga inda ya yafa shi ya kai shi wani fage bai sauya shukar ba, ƙasar ya sauya mata, kuma ko ta kama ko ta ƙi. Kalmar ta riga ta fita daga gona, tun da likitoci suna cewa dashen ƙoda kowa ya gane. Tana kuma da fi'ili mai sauƙin juyawa, wanda shi ne gwajin kowace sabuwar kalma: Sellars ya dasa Auren Figaro a New York, Jonathan Miller a 1986 ya dasa The Mikado na Gilbert da Sullivan, wanda aka fara nunawa a Landan a 1885 da labarinsa a Japan, a wani otal na Ingila na rabin farko na ƙarni na 20. Mai sharhi ma ya samu bakin magana, domin zai iya cewa dashen ya kama, ko ya ce bai kama ba.

Malam, ka yi tambaya mai kyau da ka ce ai ba kowane mai shiryawa ke sauya wuri da zamani ba. Gaskiya ne, wasu suna barin labarin a ƙarninsa su sabunta kayan dandamali da haske kawai, wasu kuma suna ajiye shi a fili fetal da ba ya nuna kowane zamani. Waɗannan ba dashe ba ne, kuma "sabon shiri" ya ishe su, tun da shiri kalma ce da masu fim da rediyo suka saba da ita. Kowane dashe sabon shiri ne, amma ba kowane sabon shiri ne dashe ba.

Da wannan, labarin da na fara da shi zai zama kanun jarida kamar haka: An nuna dashen oferar barkwanci ta Mozart, Auren Figaro, a Amurka. Abin da ya rage ban yanke ba shi ne jam'in ofera, ko oferori ko oferu, kuma kunnena ya fi karkata ga oferori. Ina so in ji daga masu karin Sakkwato da na Damagaram ko akwai wanda ya fi sauƙi a bakinsu.