LXDE ta tsufa, wace fuska zan koma a kan Debian 12?

Auwal_Kn:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tsohuwar laftof ce mai RAM 2GB, tana kan Debian 12 (wani nau'in Linux) da fuskar LXDE, wato tsarin tagogi da menu da ake gani a allo. Na ji an ce aikin LXDE ya ja baya sosai saboda an gina ta kan GTK2, tsohon kayan gina fuskar manhajoji. Me zan sa a madadinta wanda ba zai danne na'urar ba? Kuma dole ne sai na goge komai?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam. Ba sai ka goge komai ba, Debian tana ɗaukar fuska biyu ko uku lokaci guda, ka zaɓi wadda kake so a shafin shiga. Magajiyar LXDE ita ce LXQt, wadda ta fito daga haɗewar LXDE-Qt da Razor-qt a 2013, kuma Lubuntu, wani nau'in Linux, ta koma kanta tun fitowarta ta 18.10. Debian 12 tana da LXQt 1.2 da wata fuskar, Xfce 4.18. Ga na'urarka ka fara da `sudo apt install lxqt-core`, kada ka sa `task-lxqt-desktop`, don shi zai jawo manhajoji da yawa da kake da irinsu. LXQt ba ta da mai kula da tagogi na kanta, in ta tambaye ka ka zaɓi Openbox da ke kan na'urar tuni. Gajerun maɓallan da ka saita suna cikin `~/.config/openbox/lxde-rc.xml`, ka kwafe shi zuwa `rc.xml` a wannan folda.

Hajiya Binta:
Malam Sani ya yi daidai, amma ni Xfce zan ba da shawara idan yawancin manhajojinka na GTK ne. LXQt za ta loda Qt, wato nata kayan ginin, manhajojin su loda GTK, RAM ɗin ya ɗauki kaya biyu. Kada ka yarda da alƙaluman cin RAM da ake yaɗawa. Ka shiga kowace fuska bayan sabon kunnawa ka buga `free -m` ka kwatanta da idonka. In ka ga tagogi na jan ƙafa a Xfce, kashe inuwa da ado da `xfconf-query -c xfwm4 -p /general/use_compositing -s false`.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne Wi-Fi. LXDE ta Debian da ConnMan take zuwa, `task-xfce-desktop` kuwa NetworkManager yake kawowa, kuma dukansu manhajojin haɗa intanet ne. Su biyun in suna aiki tare sai su riƙa ƙwace katin Wi-Fi daga hannun juna, intanet na yankewa. Ka tsayar da ɗaya: `sudo systemctl disable --now connman`, sannan ka sake shigar da kalmar sirrin Wi-Fi.

Auwal_Kn:
Na gode ƙwarai. Na sa Xfce, amma haruffan ƙ da ɗ sun daina fitowa.

Malam Sani:
Mai yiwuwa umarnin allon rubutunka yana cikin `~/.config/lxsession/LXDE/autostart`, kuma LXDE kaɗai ke karanta wannan fayil. A Xfce ka buɗe saitin allon rubutu ka ƙara Najeriya, nau'in Hausa, ko ka gwada `setxkbmap ng hausa` a taminal. Sauran layukan da ke fayil ɗin ma sai ka mai da su fayilolin `.desktop` cikin `~/.config/autostart`, ba tare da alamar @ ba. In ka ga layin `OnlyShowIn=LXDE` a wani, cire shi.

Hajiya Binta:
Kada ka yi gaggawar cire LXDE. In lokacin ya yi, ka karanta jerin da `apt autoremove` zai nuna kafin ka amince, don yakan haɗa da abin da kake buƙata. `apt-mark manual` zai kare duk wanda kake so ya tsaya. Burauza ce za ta fi cin RAM ɗinka ba fuskar ba, saboda haka ka sa `zram-tools`, mai matse bayanai a cikin RAM. Sannan ka duba `uname -m`: in ya nuna i686, tsarinka na 32-bit ne, Debian 13 kuwa ba ta da kernel (zuciyar tsarin) na 32-bit, don haka ba za ka iya komawa kanta ba sai in firosesan na ɗaukar 64-bit ka sake girkawa da amd64, wato Debian ta 64-bit.