Wace wuƙar aljihu zan ce ƙanina ya taho min da ita?

Abban Khalil: Salam jama'ar zaure. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar wuƙa. Ƙanina yana karatu a Faransa zai zo hutu wata mai zuwa, ya ce in faɗi tsarabar da nake so, ni kuma ba abin da ke raina irin wuƙar aljihu mai naɗewa ta kirki. Aikina a lambu ne, yankan igiya, buɗe buhun taki, aurar da mangwaro da lemo, wani lokacin fere rake. Wacce nake riƙewa a bakin titi na saya ko suna ba ta da shi, makon jiya ina cikin yanke tiyo ta naɗe ta kama min yatsa sai da aka yi ɗinki uku. So nake wacce ba za ta rufe min a hannu ba, kuma kar kuɗin ya yi wa yaron nauyi don ɗalibi ne.

Ɗan Maraɗi: Wa alaikumus salam, sannu Allah ya ƙara sauƙi. Tunda Faransa yake ai magana ta ƙare, ka ce mishi Opinel lamba 8. Can ne gidansu, tun 1890 suke yinta a yankin Savoie, ƙotar icce ce ruwan wuƙar kuma santimita 8 da rabi, ba nauyi ko kaɗan har mantawa kake tana aljihu. Abin da zai magance matsalarka shi ne zoben ƙarfe da ke wuyanta, in ka buɗe sai ka murɗa zoben ya tare ruwan, ba ta rufuwa sai ka warware da kanka. Zoben nan a 1955 suka ƙara shi. Tawa shekara 9 ke nan tana hannuna, kuma kuɗinta bai fi na cin abinci sau ɗaya ko biyu a can ba.

Abban Khalil: Na gode sosai. Na duba hoto na ga iri biyu, wata an rubuta Carbone wata Inox, meye bambancin?

Baffa Mai Walda: Bari in shigo nan tunda ƙarfe sana'ata ce. Carbone baƙin ƙarfe ne irin wanda maƙeranmu ke aiki da shi, yana ɗaukar kaifi kamar aska kuma da ka goga shi a dutse sau kaɗan ya dawo, amma yana tsatsa, kuma ruwan lemo da mangwaro za su baƙanta shi ranar farko ma. Baƙin nan ba lahani ba ne, jan tsatsa ne abin gudu. Inox shi ne wanda muke cewa silba, an zuba masa sinadarin kuromiyam da yawa shi ya sa ba ya tsatsa da wuri. Kai da kullum hannunka cikin ruwa da taki, taki kuwa cin ƙarfe yake wlh, ni Inox zan ce ka ɗauka sai dai in kai mutum ne mai goge wuƙa ya shafa mata ɗan mai duk yamma. Abu ɗaya da ya kamata ka sani, ƙotar katako in ta sha ruwa kumbura take ta matse ruwan wuƙar, da damina takan yi taurin buɗewa.

Ɗan Maraɗi: Gaskiya ne wannan, amma akwai dabara, ka riƙe ta wajen zoben ka ƙwanƙwasa gindin ƙotar a kan icce, tsinin zai leƙo ka ja. Da ta bushe kuma shi ke nan.

Injiniya: Ni fa ba na raina Opinel amma ku bar mutum ya ga abin da duniya ke ciki yanzu. Hannu biyu kake buƙata kafin ka buɗe ta ka murɗa zobe, mutumin da ke kan bishiya ya riƙe reshe da hannu ɗaya fa? Spyderco na Amurka su suka zo da rami a jikin ruwan wuƙa da kake turawa da babban yatsa, da maƙalin aljihu, tun 1981. Ina da Delica, a garin Seki na Japan ake ƙera ta, ƙarfen VG-10, makullinta a baya yake in ta buɗe za ka ji ƙas. Sannan akwai Benchmade Bugout, giram 50 da ɗan wani abu kawai, makullinta da yatsu biyu kake ja baya ruwan ya sauka ba tare da yatsanka ya shiga hanyarsa ba, wanda ya taɓa yankewa zai san darajar wannan.

Baffa Mai Walda: Injiniya faɗa masa kuɗin Bugout ɗin mana.

Injiniya: Ta haura dala 150 kam. Amma akwai na ƙasa, Spyderco Tenacious da Civivi Elementum duk a Chaina ake yi kuma aikin da kyau, kar wani ya ji Chaina ya ɗauka irin ta bakin titi ce.

Baffa Mai Walda: Toh ka gani. Kuma ba kuɗin ne kaɗai ba, ni inda nake jayayya da masu tsadar nan shi ne washi. Ƙarfen Bugout S30V ne, yana daɗewa bai dakushe ba gaskiya, amma ranar da ya dakushe dutsen da ke bayan ɗakinka ba zai ci shi da daɗi ba, sai ka nemo dutsen daimon ko na tangaran ka zauna ka ɓata lokaci. Kamfanin suna wasa wa mutum kyauta in ya aika musu Oregon, wa zai aika wuƙa Amurka daga lambu don a wasa? Aurar da bishiya kuma kaifin aska yake so a kowane yanka, in bakin ya ɗan mutu sai ya murje ɓawon maimakon ya yanke shi sumul, haɗin ba zai kama ba. Gara wuƙar da za ka gyara bakinta cikin minti biyu a gindin bishiyar. Sannan rairayi da ƙurar lambu in suka shiga cikin masu ƙananan sifirin da boris sai ka kwance da sukundireba na musamman.

Injiniya: Maganar washi na yarda da kai Baffa. Ni dai buɗewa da hannu ɗaya ba zan iya rabuwa da shi ba, ra'ayi ne.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri in sa baki, ba wanda ya ambaci Victorinox. Ƙaramar jar nan tana jikin makullan motata shekara da shekaru, almakashinta na fi amfani da shi fiye da wuƙar ma, yanke zare, farcen yara, buɗe kwali. 'Yan Suwizalan ne tun 1884 a wani gari Ibach, su ke yi wa sojojin ƙasar, har suka saye abokin hamayyarsu Wenger a 2005. Sai dai Abban Khalil yawancin jajayen nan ba su da makulli, sifirin ne kawai ke riƙe su, ga wanda ya riga ya ji ciwo ban ce ya yi aiki mai ƙarfi da su ba. Amma suna da wata ta musamman ta aurar da bishiya, gefe ɗaya kawai aka wasa bakinta don yankan ya fito a miƙe, maigidanmu da ita yake yi wa lemonsa. Ka ce wacce ake kira greffoir a shagon kayan lambu, ƙaninka zai gane, Opinel ma suna yi.

Abban Khalil: Kai madalla Hajiya, wannan ban taɓa sanin akwai ta ba.

Baba Alhaji: Yara kun tuna min da. Mu a zamaninmu Okapi ce wuƙar aljihu, mai zobe a baya da kake ja kafin ta rufe, in ana buɗe ta tana ƙara kar kar kar. Asalinta Jamus ce garin Solingen, don kasuwar Afirka aka yi ta tun 1902, daga baya a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Direbobi da 'yan koli kowa da tasa. Ɗan Maraɗi kai ya kamata ka san Douk-Douk, mai ƙotar ƙarfe falle ɗaya da aka lanƙwasa.

Ɗan Maraɗi: Ranka ya daɗe Baba, kakana na da ita! Ta Faransa ce ita ma, garin Thiers, tun 1929. Akwai samfurin da suka sa ma suna El Baraka, tambarin Agadas ne a zane jikin ƙotar. Siririya ce ƙwarai tana shiga ko'ina, sifirin ɗinta da ƙarfi amma makulli babu, don haka ban kawo ta ba.

Mahaucin Zaure: Ni Buck 110 nake riƙewa in zan fita fiɗa waje, tun 1964 ake yinta ba ta canza kama ba, makullin baya mai ƙarfi da tagulla a kai da gindi. Amma nauyi gare ta wajen giram 200, sai da kube a ɗamara, a aljihun riga za ta ja maka wuya. Don lambu ba ita ba ce. Kuma dan Allah kar wanda ya ɗauki wuƙar aljihu kowace iri ya ce zai yanka ragon layya, gajeru ne za ka wahalar da dabba, a nemi doguwa ta maƙera a wasa ta sosai.

Injiniya: Wani abu kuma, jabu sun cika gari musamman na Spyderco da Benchmade da Victorinox. Na taɓa saya a intanet wajen wani mai shago, hoto daban abin da ya zo daban, kwana uku bakin ya lanƙwashe. Duk wanda ya ce zai ba ka ta dala 150 a kuɗin katin waya ka san ba ita ba ce. Tunda a shago zai saya a can wannan ba zai dame ka ba.

Baba Alhaji: Ka gaya wa yaron ya sa ta cikin babbar jaka da ake aunawa, in ya bar ta a jakar hannu za su karɓe a filin jirgi. Kai kuma ka bar ta a lambu ko cikin akwatin kayan aiki, kar ka riƙa yawo da ita cikin gari da dare, yadda ƙwacen waya ya sa ake binciken matasa yanzu ba kowa zai tsaya ya ji bayanin mangwaro ba.

Abban Khalil: In sha Allah Baba. Toh na tura masa saƙo yanzu, Opinel lamba 8 Inox, in kuɗin ya ragu ya ƙara da ta aurar da bishiyar da Hajiya ta faɗa. Baffa wane irin dutse zan nema na washi?

Baffa Mai Walda: Mai fuska biyu na kasuwa ya isa, gefe mai kaushi da mai laushi, ka jiƙa shi tukuna. In ka gama ka goga bakin a bayan tsohon bel na fata sau goma kowane gefe. In ta iso ka biyo ta garejin in nuna maka yadda ake kwantar da hannu.