Wai diluwan na iya kashe wa mutum kunne?

Mai Fenti Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina da tambaya. Ni fentin mota nake yi nan Garwa shekara 9 kenan, to tun bayan babbar sallah kunnena ke ta ƙara da daddare kamar gyare ya shiga ciki, kuma in ana hira a majalisa sai na ce "na'am?" sau biyu sau uku, har uwargida ta fara cewa share ta nake. Ni na ɗauka bugun ƙarfen masu gyaran bodi ne da ke gefenmu amma wani yaronmu ya ce wai diluwan ɗin da muke shaƙa, wato ruwan nan mai wari da muke sirka fenti da shi, shi ma yana taɓa kunne. Abin da ya shiga ta hanci ina ruwansa da kunne?

Baffa Kusiri:
Wa alaikumus salam ɗana. Ko dai kinin ka sha kwanan nan? shi ma yana sa kunne ƙara, ko kuma datti ne ya taru.

Malamar Asibiti Marwa:
Baffa maganar kinin gaskiya ce amma galibi ƙarar tana tafiya in an daina sha, wannan kuwa wata da watanni. Ɗan uwa yaron nan bai yi ƙarya ba. Diluwan da fentin mota da gam irin na masu takalma akwai sinadarin toluwin da zailin a ciki, in ka shaƙa huhu ke tura su jini, jini kuma ba inda bai zuwa har can cikin kunne inda wasu 'yan ƙwayoyi masu gashi-gashi suke, su ke kama sauti, kuma in sun mutu ba sa sake fitowa. Abin da ya fi damuna da irin aikinku shi ne haɗuwar biyun, ƙarar guduma da kwamfireso ga kuma warin diluwan, ɓarnarsu tare ta fi ta kowanne shi kaɗai. Ita ƙara in ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, awa 8 kullum, dama haɗari ce, in sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji to kun kai wajen. Kuma nasan halinku, da diluwan kuke wanke hannu bayan aiki, wallahi ka daina, ta fata ma yana shiga. Takunkumin yadi ko na lokacin korona ƙura kawai yake tarewa, sai mai gwangwanin gawayi a gefe wanda ake canjawa. Ka nemi likitan ORL, wato na kunne da hanci da maƙogwaro, ya yi maka gwajin ji da ake kira odiyogiram, ka faɗa masa sana'arka da bakinka kar ka jira ya tambaya.

Mai Batir Njamena:
Haka ne Anti. Mu ma masu narka dalma an gaya mana tana taɓa kunne, da hayaƙin janareta in an kunna cikin shago a rufe. Ni yanzu waje nake fitar da nawa ko da zafin rana ne.

Mai Fenti Garwa:
Allah ya saka da alheri Anti, wlh wanke hannun nan kullum ne, har yaran da nake koyawa 'yan shekara 15 da shi suke wankewa, jikina ya yi sanyi. Gobe zan sayo sabulu da safar hannu, litinin in sha Allah na je asibiti. Gwangwanin gawayin nan bayan kwana nawa ake canja shi?