Wai da gaske dusar ƙanƙarar Olympics ta inji ce?

Ɗan_Fagge:
Salamu alaikum 'yan uwa. Gardama ce ta kaure a majalisarmu, wani abokinmu ya dage wai duk farin nan da muke gani a talabijin idan ana gasar Olympics ta lokacin hunturu ba daga sama ya sauko ba, inji ne yake feso shi, wai duniya ta ɗumama har Turawa sun fara neman sanyi ido rufe. Ni dai na ce ban yarda ba, mutanen da kullum ake nuno mana su suna tono motarsu da shebur su ne za a ce dusar ƙanƙara ta yi musu ƙaranci? Don Allah masu sani da mazauna can ku raba mana gardamar nan.

Injiniya_Auwal:
Wa alaikumus salam. Malam abokinka ya fi ka gaskiya fa. Gasar Beijin ta 2022 kusan gaba ɗaya a kan ta inji aka yi ta, duk da dai a yi adalci, duwatsun da suka zaɓa dama busasshen wuri ne, akwai sanyi amma dusar ba ta cika sauka ba. Wanda ya fi nuna matsalar shi ne na Kanada a 2010, a Bankuba, zafi ya zo musu a tsakiyar hunturu har sai da aka riƙa jigilar dusar da manyan motoci da jirgi mai saukar ungulu zuwa dutsen da za a yi wasan. A Sochi ta Rasha kuma 2014 tun shekara guda kafin gasar suka tara ta tsibi-tsibi suka lulluɓe da wasu manyan barguna don kar ta narke.

Shi injin ba wani siddabaru yake ba, ruwa ne ake harbawa da iska mai ƙarfi ya fita kamar feshin maganin sauro, ya daskare kafin ya faɗo ƙasa. To amma ka ga nan gizo ke saƙar, dole sai iskar wurin ta kai sanyin da ruwa zai daskare, wajen digiri 2 ƙasa da sifili, in garin ya yi ɗumi ko inji dubu ka jera ruwa kawai za ka yi ta watsawa.

Maman_Hanan:
Ɗan Fagge ni a Ottawa ta Kanada nake da zama, kuma wallahi har yanzu muna shebur ɗin da kake faɗa, ba a daina ba. Abin da ya canja shi ne sanyin ba ya zama wuri ɗaya, yau a daskare gobe sai ka ga ruwan sama a watan Janairu komai ya jagwalgwale jibi kuma a sake daskarewa. Muna da wani magudanin ruwa sunansa Rideau da ya ratsa tsakiyar gari, idan ya daskare ana buɗe kilomita 7.8 mutane su yi ta zamiya a kai, wasu ma ta nan suke tafiya ofis, kyauta ne ba ko sisi. Sai kaurin ƙanƙarar ya kai santimita 30 ake bari a hau. Tun farkon shekarun 1970 ake buɗe shi duk shekara amma a hunturun 2022 zuwa 2023 ko rana ɗaya ba a buɗe ba, yarana sun yi ta tambaya har suka gaji suka haƙura.

Baban_Khalifa:
Allah sarki, abin tausayi, ba su samu sun yi zamiya ba. Hajiya ki yi haƙuri amma ni wannan damuwar masu ƙoshi ce. A azumin 2024 zafi ya haura digiri 48 a Kayes ta Mali, a Satumbar shekarar kuma madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri. Su da suka ƙona gawayi da man fetur shekara da shekaru suka jawo mana wannan, yanzu wasansu ne za mu zauna muna yi wa jaje?

Bature_Baƙi:
Baban Khalifa maganarka akwai ƙamshin gaskiya, ban musa ba, amma ba attajirai kaɗai abin yake taɓawa ba. Ni a arewacin Italiya nake aiki kuma ƙauyukan kan dutsen nan da yawa abincinsu na shekara a wata uku zuwa huɗun hunturu suke samun shi, mai wanke-wanke a otal, direban bas, mai ba da hayar takalman zamiya, da yawansu ma baƙi ne irinmu. Manyan wuraren da ke can ƙololuwa suna da kuɗin inji da wuta da tafkin tara ruwa, ƙananan da ke ƙasa-ƙasa su ne suke rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba wasa kaɗai ba ne har da rai, a Yulin 2022 wani ɓangare na ƙanƙarar dutsen Marmolada ya ɓallo cikin zafi ya kashe masu hawan dutse 11. Suwizalan kuwa a 2022 da 2023 kawai ta rasa kashi 10 cikin ɗari na ƙanƙarar duwatsunta, kuma wannan ƙanƙarar ita ke shayar da koguna irin su Rhine da bazara.

Injiniya_Auwal:
Ƙari a kan na Bature, a Holan akwai tseren zamiya na kusan kilomita 200 da ke zaga garuruwa 11, rabon da a yi shi tun Janairun 1997 don ruwan ya ƙi daskarewa yadda ake so. Sannan masu bincike a jami'ar Waterloo ta Kanada sun duba garuruwa 21 da suka taɓa ɗaukar gasar hunturu, suka ce in hayaƙin nan mai ɗumama duniya bai ragu ba zuwa ƙarshen ƙarnin nan Sapporo ta Japan ce kaɗai za a iya dogara da ita. Ni abin da yake ban haushi da harkar injin shi ne wutar da yake ci, in da gas ko gawayi aka samar da ita to kana ƙara ɗumama garin ne don ka samu ƙanƙarar yin wasa a yau.

Baban_Khalifa:
To ai ka ga abin da nake faɗa kenan Injiniya. Su rage hayaƙin mana, ko don zamiyar tasu.