Ɗaukar ƙaramar bindiga a mota a Amurka ba tare da lasisin yawo da ita ba

Ga abin da na tsinta daga zaman da muka yi da 'yan uwa mazauna Amurka kan wannan batu.

Duka sun yarda a kan abu uku: a cire harsasai, a kulle bindigar, a nesanta ta daga hannun direba da fasinja. Dokar tarayya ta 1986 ta ba mutum damar ratsa jihohi da bindigarsa, muddin doka ta halatta masa mallakarta da ɗaukarta a inda ya taso da inda ya nufa. But ɗin mota ne mazauninta. Idan motar ba ta da but, sai a sa ta cikin akwati mai kwado. Aljihun gaban mota bai wadatar ba, haka ma a Kalifoniya.

Inda aka fi jan kunne shi ne New York da New Jersey. Can ana iya kama mutum tukuna, sai a gaban alƙali ya kāre kansa da dokar tarayyar. Kariyar ta matafiyi ce, shi ya sa kwana a otal kan hanya ya taɓa jefa wani cikin shari'a a birnin Newark na jihar New Jersey. Ni wannan ya fi tsorata ni.

A jirgin sama kuwa, akwati mai tauri a kulle, cikin kayan da ake aunawa, kuma a sanar da ma'aikatan kamfanin.

Ɗalibanmu da masu bizar ziyara su sani: dokar tarayya ta hana yawancinsu mallakar bindiga ma gaba ɗaya.