Ina so in kai bindiga gida ƙauye, wa zan ba wa cikin ƙannena?

Mai Kayan Babur Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Damuwa ce ta sa na kawo maganar nan. Ni ina zaune Garwa a arewacin Kamaru amma gidanmu na can ƙauye ta wajen Tuboro, hanyar Mbaibum, tsohuwarmu na can da ƙannena biyu da kawu da matansu da yara. Cikin damunar nan an ɗauke mutum biyu a ƙauyen da ke kusa da namu, yanzu dare in ya yi ba mai barci. Abin da ke hannuna shi ne bindigar farauta mai baki biyu da na saya da takarda da sunana, sai ta marigayi babanmu mai baki ɗaya wadda takardarta ke ɗauke da sunansa, sai wata tsohuwar harba-ruga ta kawu da ta daɗe a rataye. Babban ƙanena yana da natsuwa amma bai taɓa harbi ba, ƙaramin ya iya farauta amma zuciya gare shi kamar kuturu, kawu kuma ido ya yi rauni. To wa zan ba wa wacce? Kuma ta baba tunda ya rasu yaya matsayin takardarta? Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya yi magana.

Baban Hamza:
Wa alaikumus salam. Ka ɗauko tsohuwa ka kawo ta Garwa kawai, magana ta ƙare.

Mai Kayan Babur Garwa:
Baban Hamza na yi na yi ta ƙi, ta ce ba za ta bar kabarin mijinta da gonar masara ba. Kuma ko ta zo sauran mutum goma sha fa, ina zan zuba su?

Direban Ngaundere:
Karnuka Alhaji. Karnuka uku da fitilar sola a kowace kusurwa. Mu a wajen Belel da abin ya yi tsanani abin da muka yi ke nan, in kare ya yi haushi kowa ya san hanyar da zai bi ya shige daji.

Malam Akawu:
Alhaji tambayarka ta biyu ita ce babba kuma ba wanda ya taɓa ta. Akwai dokar makamai ta 14 ga Disamba 2016, a nan Kamaru izinin bindiga na mutum ɗaya ne, sunanka ne a jiki ba sunan gidanku ba, kuma daga ma'aikatar mulkin cikin gida yake fitowa. Ranar da ka miƙa wa ƙanenka taka, shi ya zama mai riƙe da makami ba izini, kai kuma ka zama wanda ya ba shi. Ta baba ma ba a gadonta yadda ake gadon keke, ka je wajen sufurefe, wato shugaban mulkin yankinku, ku bayyana ta a gaya maka abin yi. Ita harba-rugar kawu ma kada ka ɗauka don maƙeri ya ƙera ta doka ba ta san da ita ba.

Sarkin Yaƙin Facebook:
Malam Akawu in sun zo ƙarfe biyun dare sai a ce musu ku dakata muna jiran sa hannu daga Yawunde ko? 😂

Goggon Yara:
Ba abin dariya ba ne yaro, mutum ya zo da maganar ran uwarsa.

Bawan Allah Mayo-Rey:
Alhaji ni ban so yin magana ba amma da na ga ka ce ƙaramin yana da zuciya sai jikina ya yi sanyi, don daidai irin lissafin da na yi ke nan. Ni ma ina birni, gida na ƙauye, aka fara ɗauke mutane a yankinmu, na ɗauki tawa mai takarda na kai wa ƙanena na ce ka riƙe saboda ko ta kwana. Yaron kirki ne wallahi, bai taɓa faɗa da kowa ba. Amma mutumin da ya yi kwana da kwanaki ba barci, kowane motsi a cikin karan dawa ji yake su ne, ba shi ne mutumin da ka sani da rana ba. Wani dare ɗan baffanmu ya dawo daga neman saniyar da ta ɓace, bai yi sallama daga nesa ba saboda shi ma tsoro yake kada a ji muryarsa, ya biyo ta bayan danga. Ƙanena ya yi magana sau ɗaya bai ji amsa ba, ya sake ta. A cinya ta same shi da ciki. Babur aka ɗora shi, hanya duk taɓo, rafi ya cika, kafin a kai asibiti ya cika. Yana da mata da ɗa ɗaya na goye.
Da safe jandarma suka zo, abin da suka fara tambaya lambar bindiga da sunan mai ita. Ni aka kira daga birni. Ƙanena yana tsare har yanzu, ni kuma abin da na kashe a hanya da lauya ya cinye shagona. Wannan duk mai sauƙi ne. Baffa bai kai mu ƙara ba, bai zage ni ba, amma tun ranar bai sake kiran sunana ba, in na je gaishe shi sai ya amsa ya juya fuska bango. Matar mamacin ta koma gidansu da yaron. Su kuma mutanen da na ji tsoronsu har na kai bindigar, wata biyu bayan haka suka zo suka ɗauki maƙwabcinmu, su takwas ne da manyan bindigogi, ba wanda ya ko ɗaga kai.

Goggon Yara:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, Allah ya fito da ƙanenka.

Baban Hamza:
Allah ya gafarta masa. Kai ɗan'uwa ka ga rayuwa.

Direban Ngaundere:
Amin. Bawan Allah shi ƙanen naka kotun soja aka kai shi ko ta farar hula? Ina tambaya ne don wani abokina maganar makami ce ta kai shi ta soja.

Bawan Allah Mayo-Rey:
Ka bar maganar kawai Direba, ba na son in shiga nan.

Maharbi Ɗan Maharba:
Allah ya jiƙan rai. Amma a yi adalci, ba bindiga ce ta yi laifi ba, ba ta aka yi wa wanda bai san ta ba. Mu da muka tashi cikin farauta uba ba ya barin ɗa ya taɓa kunama sai ya shekara yana ɗaukar masa jaka, kuma ka'ida ta farko ba ka harbin abin da idonka bai tantance ba. Alhaji ita harba-rugar nan da ta daɗe a rataye kada kowa ya kusance ta, tsatsa ta ci cikinta, na ga wadda ta fashe a hannun mai ita ta tafi da yatsu uku. Sauran kuma in ba wanda ya iya, gara suna kulle a wajenka.

Ɗan Pala:
Mu a nan Chadi, Mayo-Kebbi ta yamma, wajen Pala da Lame da Lere, irin ciwonku ne, mutanen ma su ne suke tsallakowa. Amma a nan in aka ji gida na da bindiga kwamitin karɓe makamai ne zai fara zuwa kafin ɓarayi. Ku tuna 2019 da aka sa dokar ta-ɓaci a Waddai da Sila saboda rikicin manoma da makiyaya, gida-gida aka bi. Kuma wani abu, gidan da aka san da bindiga su ɓarayin ma suna zuwa don ita.

Sarkin Yaƙin Facebook:
To wai nawa ma ake sayar da mai baki biyun a shago yanzu? Ni an ce min sefa dubu 350.

Maharbi Ɗan Maharba:
Wa ya gaya maka? Tawa mai baki ɗaya ma ta haura dubu 400 da takardu, kuma ba bana ba.

Baban Hamza:
Wani maƙwabcina ya ce dubu 700 ya biya a Duwala.

Malam Akawu:
Wace shekara? Don a Afrilun 2018 minista Atanga Nji ya hana sayar da bindiga da harsashi a jihohi shida, har da Adamawa da jihar da Duwala take. Ku daina kawo farashin ji-ta-ji-ta, mutum bai ma tambaye ku farashi ba, yana da su a hannu.

Sarkin Yaƙin Facebook:
Malam kai da ba ka taɓa kwana a ruga ba kai ne za ka yi ta karanto mana doka. A bar waɗanda abin ya shafa su yi magana.

Malam Akawu:
Wanda abin ya shafa ya yi magana a sama, ka koma ka karanta abin da jandarma suka fara tambayarsa. Ni ɗan Kusiri ne, ina nan a Disamban 2021 da rikicin Logon-Birni tsakanin Musgum da Larabawan Shuwa ya iso gari, na ga mutane na tsallaka ruwa zuwa Njamena da yara a kai. Faɗan ruwa ne na masunta da makiyaya, makaman da kowa ya ajiye a gida don kare kai su aka fito da su a kan maƙwabta.

Hajiya Mai Goro:
Ku maza kuna ta maganar wa zai riƙe, ba wanda ya tambayi ina za a ajiye ta a gidan da yara suka fi goma. Ɗakin ƙauye ba ƙofar kirki ba akwati mai makulli. Alhaji ka tambayi matan ƙannen naka tukuna, su ne ke wuni da yaran.

Direban Ngaundere:
Gaskiya Hajiya. Alhaji ku ba ku da kwamitin sa-ido a ƙauyen? Ta hannun jauro da lamido ake yi a rubuta sunaye a kai wa hukuma, su ke da lambar sojojin BIR masu kai ɗaukin gaggawa. Ka sa kuɗinka a nan, tocila, takalmin ruwa, kuɗin waya, man babur.

Bawan Allah Mayo-Rey:
Lambar waya a inda sai ka hau tudu kafin ka samu layi. Kuma su wa ke gaya musu wane ya sayar da shanu jiya, wane ɗansa na birni yana aiko kuɗi? A cikinmu suke. Maƙwabcin namu da aka ɗauka, a waya suka lissafa masa shanunsa har da wadda ya ba da kiwo a wani gari.

Ardo Ƙarami:
Yawwa, yanzu aka zo wajen. Ni yayana aka ɗauka, suka yanka miliyan 6, aka yi ta roƙo ya dawo 4. Na kora shanu kasuwar Adumri, kafin in isa labari ya riga ni, dillalai duk sun san wa'adi gare ni. Bijimin da aka taya min dubu 450 kafin salla, ranar dubu 280 suka tsaya, wanda na je wajensa sai ya ce haka kasuwa take yau. Musulmi ɗan'uwanka, kun yi sahu ɗaya da azahar. Shanu 17 na sayar a kan abin da 11 za su biya.

Baban Hamza:
Ardo dubu 280 ai sun yi maka da sauƙi, a Ngong na ga wanda aka ba 200.

Wani Dillali:
A daina yi mana jam'i don Allah. Mutum ya zo da shanu ashirin rana ɗaya yana son kuɗi a hannu kafin la'asar, wa ke yawo da wannan kuɗin? Mai saye ma tsoro yake a ji ya fito da miliyoyi, gobe shi za a bi gida. Ni na sha barin la'adata ga irin waɗannan.

Ardo Ƙarami:
Kai ka bari, wanda ya sayi nawa bai bari ba, har kuɗin igiya sai da ya cire.

Mai Kayan Babur Garwa:
Na gode jama'a, ina karantawa duka. Bawan Allah na tura maka saƙo ta gefe. Malam Akawu in na je wajen sufurefe da maganar ta baba, karɓe ta za su yi gaba ɗaya ko ana iya mayar da takardar sunan ɗaya daga cikinmu?

Hajiya Mai Goro:
Ardo wane dillalin ne, na Adumrin ko cikin masu zuwa daga Najeriya? Don ƙanen mijina zai kai nasa wannan satin kuma shi ma wa'adi aka ba su.